Matan da Ke Kiran Gayya a Duniyar Manhaja

A ƙarshen Disambar 2007 aka sanar da cewa Mwai Kibaki ya sake lashe zaɓen shugaban ƙasar Kenya. Magoya bayan abokin karawarsa Raila Odinga suka ce atafau an yi maguɗi, ƙasa ta kama da wuta, gwamnati kuma ta hana gidajen rediyo da talabijin watsa labari kai tsaye. Kafin ƙura ta lafa an kashe mutum fiye da 1,000, dubban ɗaruruwa sun gudu sun bar gidajensu. A tsakiyar wannan tashin hankali, wata lauya mai suna Ory Okolloh ta riƙa tattara saƙonnin da jama'a ke aiko mata: an ƙona kasuwa a wuri kaza, an tare hanya a wuri kaza. Da saƙonnin suka yi mata yawa, sai ta yi shela a intanet tana neman masu ilimin kwamfuta da za su ɗora rahotannin a kan taswira, kowa ya ga abin da ke faruwa da inda yake faruwa.

David Kobia da Erik Hersman da Juliana Rotich suka amsa kira. Cikin 'yan kwanaki, a Janairun 2008, manhajar Ushahidi ta fara karɓar rahoto ta saƙon waya. Daga baya suka sake ta kyauta ga duk mai so. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a 2010, ɗaliban jami'ar Tufts da ke Amurka sun yi amfani da ita wajen gano inda mutane ke neman agaji. A zaɓen Najeriya na 2011 ma, masu sa ido na ReclaimNaija da ita suka tattara ƙorafin masu zaɓe.

Ba Ory ce ta zauna ta rubuta manhajar ba. Ita ta ga buƙata, ta yi kira, ta haɗa mutanen da ke zaune a wurare daban-daban, ta zama shugabar farko. Irin wannan aiki shi ne wanda aka fi mantawa idan ana ba da tarihin fasaha.

Manhaja iri biyu ce. Akwai wadda kamfani ke ɓoye rubutun umarninta, ka yi amfani da ita amma ba ka san abin da ke cikinta ba. Akwai kuma buɗaɗɗiya, wadda kowa ke da izinin karanta umarninta, ya gyara, ya raba wa wasu. A kan Linux, wadda buɗaɗɗiya ce, aka gina wayoyin Android da suka cika aljihunan mutane. Wikipedia, har da ta Hausa, a kan irin wannan manhaja take tafiya. Ginin buɗaɗɗiyar manhaja ya yi kama da gayyar noma: masu riƙe da fartanya ake gani, su ake yaba wa, amma in babu wanda ya zaga gida-gida ya sa rana, ya raba kunya, ya sasanta waɗanda suka saɓa, to kowa gonarsa zai nufa.

Mitchell Baker ma lauya ce. A 1998, lokacin da kamfanin Netscape ya yanke shawarar buɗe manhajarsa ta shiga intanet, ita aka ɗora wa rubuta lasisin da zai fayyace haƙƙin kamfani da na 'yan sa kai. Daga nan ta zama jagorar aikin, wanda aka sa wa suna Mozilla. A 2001 kamfanin AOL, wanda ya saye Netscape, ya sallame ta. Ta ci gaba da jan ragamar ba albashi, domin masu aikin ita suka sani. A 2003 aka kafa gidauniyar Mozilla, a Nuwambar 2004 manhajarta ta shiga intanet mai suna Firefox ta fito, a daidai lokacin da Internet Explorer ta Microsoft ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na kasuwa. Ba a ce Mitchell ba ta da laifi ba. A shekarunta na ƙarshe a kujerar shugabanci, wadda ta sauka daga kai a 2024, an yi ta sukar yadda albashinta ke hawa alhali masu amfani da Firefox na raguwa, ana kuma rage ma'aikata. Sukar tana da tushe. Amma wuya a ce Firefox za ta zo duniya in da ta tattara kayanta ta tafi a 2001.

To me ya sa ba a cika jin sunayen mata a wannan fage ba? Da farko dai, ba su da yawa. Binciken da GitHub, dandalin da masu gina manhaja ke haɗa aikinsu, ya yi a 2017 ya nuna kashi 95 na waɗanda suka amsa tambayoyinsa maza ne, mata kashi 3 kacal. Wani nazari da aka buga a shekarar ya duba miliyoyin gyare-gyaren da aka miƙa a GitHub, ya tarar an fi karɓar na mata, kusan kashi 79, a kan na maza, kusan kashi 75. Sai dai idan mace baƙuwa ce a wurin, kuma suna ko hoto ya nuna mace ce, sai karɓuwar ta faɗi. Ashe ba gwaninta ce ta yi ƙaranci ba.

A 2006 ƙungiyar GNOME, mai gina manhajar fuskar kwamfuta, ta samu takardun neman horo 181 ta shirin bazara na Google. Babu ta mace ko ɗaya. Sai ta buɗe wani shiri na mata zalla, nan da nan masu nema suka fito. Shirin ya kwanta, har Marina Zhurakhinskaya, injiniya a kamfanin Red Hat, ta tashe shi a 2010. Dabararta mai sauƙi ce: kafin a zaɓi mace, sai ta fara yin ɗan ƙaramin gyara a ainihin manhajar tare da mai koyar da ita, don tsoron matakin farko ya fita. Sannan a biya ta. Shirin, wanda aka sake wa suna Outreachy a 2015, yana ba da horon wata uku daga gida da dala 7,000, kuma ya yaye mutum fiye da 1,000, cikinsu har da 'yan Najeriya da dama. Marina ta rasu a 2022 bayan fama da ciwon daji.

Abokiyar aikinta Karen Sandler, lauya ta uku a wannan labari, tana da dalili na ƙashin kanta. Tana da ciwon zuciya, an dasa mata na'urar da ke bugun zuciyar da lantarki idan ta rikice. Ta nemi ganin umarnin da ke tafiyar da abin da ke ƙirjinta, masu ƙera irin na'urar suka hana. Lokacin da take da juna biyu, na'urar ta buge ta bisa kuskure, don bugun zuciyar mai ciki ya saɓa da abin da aka tsara mata. Tun 2014 take jagorantar Software Freedom Conservancy, ƙungiyar da ke riƙe da Outreachy.

A Najeriya, Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016, sannan ita da Samson Goddy suka kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a Fabrairun 2020. Aisha Bello ta yi fice wajen shirya bitar Django Girls, inda ake koya wa mata gina shafin intanet kyauta. Marlene Mhangami 'yar Zimbabwe ce ta shugabanci taron PyCon Africa na farko a Accra a 2019. Galibin wannan hada-hada a Legas da Nairobi da Accra ta taru, kuma da Turanci ake yin ta, ga tsadar data da rashin wutar lantarki. Yarinyar da ke Gusau ko Damagaram tana da tudu biyu a gabanta kafin ma ta iso ƙofa.

Babbar barakar ita ce kuɗi. Wanda ya rubuta manhaja yana da abin nunawa idan ya je neman aiki. Wadda ta kwana tana amsa tambayoyin sababbin shiga ko raba faɗa ba ta da shi, kuma kamfanoni kan yi saurin janye tallafin irin wannan aiki da zarar kasuwa ta yi sanyi. A Afrilun 2024 ƙungiyar Women Who Code, mai mambobi sama da 300,000 a ƙasashe fiye da 100, ta sanar da rufewa saboda masu ba ta gudummawa sun ja baya.