Injin da aka yi wa aiki yana shan baƙin mai: ina matsalar take?

Tambayar da aka fi yi mini a matsayina na bakanike a nan Ingila, daga masu tasi da kuma waɗanda suke aika kuɗi gida a gyara motar iyali, ita ce: an sauke inji, an canza rin da fistin da gasket, an kashe kuɗi masu yawa, amma ga shi baƙin mai yana raguwa, wani lokaci har da hayaƙi. Shawarata kullum guda ce. Kada a yarda a sake buɗe injin sai an auna, an kuma lura da lokacin da hayaƙin yake fita, domin shi ne yake nuna ta inda man yake bi.

Da farko ya kamata a sani cewa sabon aiki yana ɗan shan mai, kuma wannan ba laifi ba ne. Idan an gyara cikin silinda, akan bar wasu siraran zane masu gicciye a jikin bangon. Waɗannan zane su ne suke riƙe mai, su ne kuma suke goge sabon rin har ya zauna daidai. Kafin ya zauna, wato cikin mil 500 zuwa 1,000 na farko, kimanin kilomita 800 zuwa 1,600, mai zai riƙa tsallakawa. Haka kuma tsohon injin da ya daɗe yana ƙona mai yakan bar ragowarsa a cikin salansa, sai ka ga sabon aiki yana hayaƙi na 'yan kwanaki alhali lafiyarsa ƙalau. Abin dubawa shi ne ko shan man yana raguwa ko yana nan yadda yake.

To, yaya ake aunawa? A tsayar da mota a wuri mai daidaito, a kashe ta, a jira minti goma, a cika mai daidai layin sama na sandar gwaji, kada a wuce shi, don man da ya yi yawa shi kansa yana jawo hayaƙi. A rubuta lambar mil. Bayan mil 500 a sake dubawa a wuri guda kuma a yanayi guda. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin layin ƙasa da na sama kusan lita ɗaya ce. Don a sami ma'auni, lokacin da kamfanin Toyota ya fitar da sanarwar gyara a 2011 kan injinsa mai lita 2.4, wanda yake cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, iyakar da ya sa ita ce kusan lita ɗaya a mil 1,200. Injin da aka yi wa aiki mai kyau, bayan rin ya zauna, bai kamata ya kusanci wannan ba. A kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, saboda sau da yawa man ba ƙonewa yake yi ba, yoyo yake ta sil ko ta gasket.

Sai maganar hayaƙi. Mai launin shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne yake shiga silinda. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Idan shuɗin ne, a sa wani ya bi motar a baya ya lura.

Idan hayaƙin yana fita da safe daidai lokacin tayarwa sannan ya ɗauke, ko bayan an daɗe a tsaye a danja, ko kuma idan an gangaro daga tudu ƙafa ba ta kan totur sannan aka taka, to zargi yana kan robobin bawul ko hanyar da bawul yake bi. Dalili shi ne a irin wannan lokaci inji yana zuƙa da ƙarfi, sai ya jawo mai daga sama. Na sha ganin aikin da aka canza komai a ƙasa amma aka mayar da kan inji da tsofaffin robobi. Wannan gyara ne mai sauƙi, a motoci da yawa ma ana yin sa ba tare da an cire kan injin ba.

Idan kuwa hayaƙin yana ƙaruwa ne lokacin da aka taka totur, ko ana hawan tudu da kaya, to hankali ya koma kan rin. A sabon aiki abubuwa huɗu ne suka fi jawo haka. Na ɗaya, an sa sabon rin a silindar da ta cinye ko ta faɗaɗa ba a auna ta ba. Na biyu, an kifa rin na biyu, wanda yake da alamar ɗigo ko rubutu da ya kamata ta kalli sama. Idan aka juya shi, maimakon ya kankare mai zuwa ƙasa sai ya riƙa tura shi sama. Na uku, rin ɗin mai da yake can ƙasa bai zauna daidai ba, ko an bar ƙananan ramukan fistin da mai yake komawa ta ciki a toshe da dauɗa. Na huɗu, bangon silinda ya yi santsi kamar madubi, saboda an bar sabon inji yana ta aiki a tsaye na sa'o'i da sunan ana lallaɓa shi. Rin yana buƙatar matsi kafin ya zauna, shi ya sa tuƙi mai canza gudu ya fi barin mota a tsaye.

Kafin a kai ga nan, akwai wani ɗan bawul mai araha da ake kira PCV, wanda yake fitar da iskar da ta taru a cikin inji. Idan ya maƙale, ko aka haɗa bututunsa ba daidai ba, yana iya zuƙar mai kai tsaye. Kullum da shi nake farawa. Motar da take da turbo, a cire bututun iska a duba ko mai ya taru a ciki.

Daga nan sai filogi. A jera su bisa tsarin silinda. Idan guda ɗaya ne ya jiƙe da mai, matsalar a wuri guda take. Idan duka ne, a yi tunanin PCV ko yadda aka yi aikin gaba ɗaya. Sai gwajin matsi: bai kamata bambancin silinda da 'yar uwarta ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake gwadawa. Idan lambar ta tashi sosai, rin ne. Amma a kula da wannan, domin a nan ake yawan ruɗuwa: matsi yana iya fitowa daidai alhali rin ɗin mai ya lalace, saboda ba shi ne yake riƙe matsi ba, man da ya tsallaka ma yana toshe kafa ya ƙara lambar. Ƙaramar kyamarar da ake zurawa ta ramin filogi ita take raba gardama. Idan gefen kan fistin ya fito tas kamar an wanke, mai yana bi ta rin.

Kada a yi sakaci da lamarin. Man da yake ƙonewa yana kashe na'urar tace hayaƙi da take cikin salansa, wadda take da tsada, yana kuma iya sa mota ta faɗi gwajin MOT. Kada kuma a zuba mai mai kauri ko maganin hana hayaƙi, don ɓoye ciwo kawai suke yi. A adana rasit, a koma wa wanda ya yi aikin da lissafin mil da lita a rubuce, cikin mutunci, kafin wani ya taɓa injin, domin da zarar wani hannu ya shiga, garanti yakan faɗi. Wanda motarsa take gida, ya sa a turo masa hoton sandar gwaji da na filogi kafin ya sake aika kuɗi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.