Kafin ka ɗauki kwamfutarka zuwa wurin mai gyara: Abin da muka koya tsakanin Mai Wurno da Damazin

A ƙarshen kakar bara wani dillalin riɗi da ke sayen kaya a ƙauyukan kudu da Sinnar yana kaiwa Gadarif, ya iso ɗakin watsa shirye-shiryenmu riƙe da kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka a cikin buhu, hankalinsa a tashe. Ya ce tun asuba yake danna ta ba ta ko motsi, kuma a cikinta ne ya rubuta sunan duk manomin da ya ba kuɗin gaba, da adadin buhunan da kowa ya kawo, da bashin da yake bin abokan cinikinsa na tsallaken iyakar Habasha. Babu kwafi a takarda, domin tun da ɗansa ya koya masa aiki da na'urar ya jingine littafin lissafi. Yaron da ke haɗa mana sauti ya karɓa, ya zare caja, ya cire batir, ya danne maɓallin kunnawa na kamar rabin minti, sannan ya mayar da komai. Nan take ta kama. Alhajin nan har ya yi niyyar biyan kuɗin mota zuwa Wad Madani a kan abin da bai ci minti biyu ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu tattaro wa 'yan uwa 'yan kasuwa abubuwan da muka sha gani, mu da muka daɗe muna lallaɓa tsofaffin kwamfutoci a gidan rediyon da ba ya da kuɗin sayen sababbi.

Mai karatu ya san halin da ake ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 aka rasa manyan shagunan kayan kwamfuta na Khartoum da masu gyara ke sarin kaya daga can. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta, Sinja kuwa ta yi watanni a hannunsu a 2024. A tsakanin nan an wawashe shaguna da gidaje, masu sana'a da yawa sun watse. Garuruwanmu na bakin Shuɗin Nilu, tun daga Mai Wurno, wadda jama'ar Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har zuwa ƙauyukan masunta na wajen Rusairis, dama can ba su da masu gyara da yawa. Saboda haka wanda ya iya ɗan abin da zai yi wa na'urarsa a gida ya huta da tafiya da kashe kuɗi.

Babban abokin gabar kwamfuta a ƙasar nan shi ne ƙura da zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ga kuma guguwar habub da ke tasowa gab da damina tana cusa ƙasa ko'ina. A cikin kwamfutar akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta ƙasa tana fitar da zafi ta gefe, ta tsakanin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji. Idan ƙura ta haɗu da zaren auduga da ƙaiƙayi ta toshe wurin, sai ka ji fankar tana kuka kamar injin niƙa, na'urar ta yi nauyi, daga nan ta riƙa mutuwa da kanta bayan minti goma ko ashirin. Mutane da yawa na ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, alhali kwamfutar ce ke kashe kanta don kada ƙwaƙwalwarta ta ƙone.

Maganin ba ya da wuya. A kashe ta gaba ɗaya, a zare caja, a sami tsinken ashana a tokare fankar ta cikin ramukan ƙasa don kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima, sannan a hura iska ta mafitar zafin da famfon keke ko 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran agogo. Kada a hura da baki, saboda danshi. Haka nan a guji famfon masu faci na bakin hanya, domin ƙarfinsa ya yi yawa kuma yakan fito da ruwa. Wanda ke da ƙarfin hali zai iya kwance murfin ƙasa ya share da busasshen buroshin haƙori, amma ya jera kusoshin yadda ya ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwar ƙusa a ramin gajeriya tana iya huda allon ciki. Sai kuma ɗabi'ar da muke gani kullum a kasuwa, wato ɗora na'urar a kan katifa ko darduma ko buhun dawa ana aiki. Wannan toshe mata hanci ne. A sa ta a kan katako ko faranti, a ɗaga bayanta da murafun kwalba biyu. Akwai wani farin man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen da ke kwashe zafi, wanda ke bushewa bayan shekaru. Mun taɓa buɗe wata muka tarar an shafa mata man goge baki a madadinsa. Don Allah kada a yi haka, a nemi na ainihi.

Na biyu shi ne wuta. Abin mamaki, muna zaune tsakanin madatsar Sinnar da aka gama a 1925 da ta Rusairis ta 1966, amma galibin 'yan kasuwarmu da janareta da sola suke caji, musamman bayan hare-haren jirage marasa matuƙa da aka kai wa tashoshin lantarki, har da na Marawi, a 2025. Idan ka juya bayan cajarka za ka ga an rubuta tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka raguwar wuta ba ta cika yi mata illa ba. Abin da ke kashe ta shi ne tsallen da wuta ke yi lokacin da aka tayar da janareta, ko lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana tari. Ka'idarmu a gidan rediyo ita ce, ba a jona komai sai injin ya daidaita, kuma a zare kafin a kashe shi. Masu amfani da ƙaramar inbata mai araha su lura, idan caja tana ƙara kamar ƙudan zuma kuma tana zafin da ba a iya riƙewa, wutar inbatar ba mai santsi ba ce. Gara a nemi cajar mota da ta dace da kwamfutar, wadda ake jonawa kai tsaye a batirin sola mai 12, ta fi ma tattalin wuta.

Idan caja ta mutu, kada a ɗauki duk wadda bakinta ya shiga. A duba lambar da ke ƙasan kwamfutar. Yawancin HP da Dell 19.5 suke sha, Lenovo kuwa 20. Wannan lamba dole ta yi daidai, amma lambar amfiya ta cajar tana iya fin wadda aka rubuta, ba dai ta gaza ba. Wasu cajojin Dell da HP na da wata siririyar allura a tsakiyar bakinsu wadda da ita na'urar ke gane cajar. In ta karye, ko cajar jabu ce, sai kwamfutar ta kama amma batir ya ƙi cika. Mun san waɗanda suka sayi sabon batir a banza saboda wannan allurar.

Game da batirin kansa, magana ɗaya ce mai muhimmanci. Idan ka ga wurin da ake jan yatsa ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ya kumbura. A daina caji nan take, a cire shi a hankali, kada a huda shi ko a danne shi, domin yana iya kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa. Kuma kada a jefa shi a murhu ko a bar yara su yi wasa da shi. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo wannan shi ne barin na'ura a cikin rufaffiyar mota da rana tsaka. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki da caja ko babu batir, sai dai in an ɗauke wuta aikin da ba a adana ba ya tafi.

Akwai kuma wadda fitilarta ke kamawa, fanka na juyawa, amma fuskar baƙi ƙirin. A fara da haska tocila a jikin gilashin. In an hango rubutu dishi-dishi, fitilar bayan gilashin ce ta mutu, bayananka na nan lafiya, kuma za ka iya jona ta da talabijin ta wayar HDMI ka ci gaba da aiki. In ba a ga komai ba, sau da yawa 'yar farantin nan da ake kira ram ce ta motsa saboda girgizar hanya. Duk wanda ya bi hanyar Sinja zuwa Damazin ko ta Galabat a bayan lori ya san abin da muke nufi. A cire wuta da batir, a taɓa wani ƙarfe don sauke wutar jiki, a buɗe 'yan ƙarafan da ke riƙe da ita a gefe biyu, a goge haƙoranta masu ruwan zinare da robar goge fensir, a mayar har a ji ta ce ƙas. Na'urori da yawa da masu su suka fid da rai sun tashi ta wannan hanya. Sai dai a wasu sababbin sirara an liƙe ram ɗin ne a jikin allo, waɗannan ba na gida ba ne.

Wata 'yar matsala da ke wahalar da mutane ita ce kwanan wata. Idan kwamfuta ta daɗe a ajiye, kamar waɗanda aka binne ko aka ɓoye lokacin gudun hijira, sai a kunna a ga ta koma wata shekara can baya, kuma shafukan intanet su ƙi buɗewa suna cewa babu tsaro. Ba layin Zain ko Sudani ne da laifi ba. Wani ɗan batir ne mai kama da kwabo a ciki, galibi mai lamba CR2032, ya ƙare. A gyara kwanan wata da hannu, shafukan za su buɗe, sannan a canja batirin in an samu. Haka nan wanda ya ga yana danna haruffa lambobi na fitowa, ya duba maɓallin Num Lock, wanda kuma rubutunsa ya juye Larabci ba shiri ya danna Alt da Shift tare.

Shayi da jabana sun kashe kwamfutoci a rumfunan kasuwa fiye da yadda ake zato. In ya zube, kada a tsaya gwada ko tana aiki. A danne maɓalli ta mutu, a zare caja da batir, a kife ta a buɗe a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Cusa ta cikin shinkafa ba ya tsinana komai. Kuma in abin mai sukari ne, ko ta tashi gara a kai a wanke allon, domin sukarin zai ci gaba da cin wayoyin ciki a hankali.

To, sai batun filash. Shekarun takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, sun saba mana da manhajojin kwafi da ake zubawa a shago, kuma katsewar layukan sadarwa ta Fabrairun 2024, wadda ta tsayar da Bankak ta tilasta wa mutane bin layin Starlink, ta ƙara yawan yawo da filash daga hannu zuwa hannu. Ta nan ƙwayar cutar nan ke yaɗuwa mai mayar da fayiloli 'yan gajerun alamomi masu kibiya. Kada a yi gaggawar goge filash ɗin, fayilolin ɓoye su aka yi. A buɗe baƙin allon umarni na cmd, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* inda E ke matsayin harafin filash ɗin, za su dawo. A kwashe su, a guji danna alamomin masu kibiya, sannan a wanke filash ɗin da ita kanta kwamfutar. A kuma sani cewa Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuwa tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. A ra'ayinmu, tsohuwar na'ura irin wannan ta isa a yi lissafin kaya da ita, amma harkar banki a bar ta a waya.

Abin da ba a gyarawa a gida shi ne rumbun ajiya idan ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar agogo. Tsohon rumbu faifai ne ke juyawa a ciki da allura a kansa, shi ya sa rufe murfi kawai a jefa a jaka a hau mota ke lalata shi. A kashe ta sosai kafin tafiya. Da zarar an ji wannan ƙara, a kwashe muhimman fayiloli tun tana buɗewa, a fara da lissafin bashi kafin hotuna da wa'azi. Wanda ke da hali ya canja zuwa SSD, wanda ba ya da abin da ke juyawa, ya fi jure hanya kuma yana sa tsohuwar na'ura ta yi sauri. Mu kanmu mun taɓa asarar hirarrakin da muka yi da dattawa na shekara biyu a irin wannan, kuma wasu daga cikin dattawan sun riga mu gidan gaskiya.

In ta kai ga zuwa wurin mai gyara, a rubuta girman ram da na rumbu a takarda a gabansa, a sa wa batir da caja alama, kuma kada a yarda a yi wa na'urar sabon zubi sai an kwafe abin da ke ciki. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne, amma sabon zubi shi ne hanyar da ta fi musu sauƙi, kuma yana share komai.

Shi kuwa Alhajinmu mai riɗi, ba mu bar shi ya tafi ba sai da aka kwafe lissafin a filash biyu, ɗaya a aljihunsa ɗaya a gida wurin uwargida, aka tura wani kwafin ga ɗansa ta WhatsApp, sannan aka buga masa shafukan bashin a takarda, guda goma sha ɗaya, ya naɗe ya sa a jakarsa ya kama hanyar Gadarif.