Baƙin Littafin 'Yan Kasuwa: Yadda Ake Hana Mutum Karɓar Kuɗi da Kati

Idan kana da shago mai na'urar POS, ko ke uwargida kina sayar da atamfa da turaren wuta ta intanet ana biyanki da kati, akwai wani kundi da ya kamata ku san da zamansa. Sunansa MATCH, kuma kamfanin Mastercard ne ke riƙe da shi. Bankuna da kamfanonin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗin kati suna duba shi kafin su buɗe wa sabon ɗan kasuwa asusu. Visa ma tana da irin nata.

Ga yadda abin yake. Idan kamfanin da ke karɓar maka kuɗi ya rufe asusunka saboda wani laifi da dokokin kati suka lissafa, dole ne ya shigar da kai cikin kundin. Ba sunan shagon kaɗai ake rubutawa ba, har da sunayen masu shi da adireshinsu. Don haka ko ka sauya wa kasuwancin suna, bayananka suna nan. Sunan yana zama shekara 5 kafin ya fita da kansa. Ba doka ce ta hana a yi hulɗa da kai ba, amma yawancin kamfanoni da sun gani sai su ja baya. Wanda ya yarda ya ɗauke ka kuwa, zai tsawwala maka caji, ya kuma riƙe wani kaso na cinikinka a matsayin jingina.

Kada ka ɗauka sai ɗan damfara ne ke shiga. Babbar hanyar da ke jefa masu gaskiya ita ce yawan ƙorafin masu saye. Mai kati yana da damar zuwa bankinsa ya ce bai san da cinikin ba, ko kaya ba su iso ba, ko ba abin da ya gani a hoto aka kawo masa ba. Banki sai ya janye kuɗin daga hannunka har sai ka kawo hujja. A ƙa'idar Mastercard, idan irin wannan janyewar ta wuce kason da aka ƙayyade na yawan cinikinka, kuma jimillarta ta kai dala 5,000, ka cika sharaɗin shiga kundin.

Hanya ta biyu ita ce ara wa wani na'urarka ko asusunka. Maƙwabci zai zo ya ce a taimaka a cire masa kuɗin cinikinsa ta wurinka. A idonka zumunci ne, a idon banki kuwa ka shigar da cinikin da ba naka ba, kuma laifi ne mai zaman kansa. In katin na sata ne, kai za a nema. Sauran dalilan sun haɗa da sayar da haramtattun kaya, halasta kuɗin haram, da sakaci da bayanan katin mutane.

A Najeriya akwai ƙarin wani abu. Babban Bankin ƙasa yana da tsarin sa ido kan lambar BVN ta duk wanda aka tabbatar ya yi zamba, kuma duk bankuna suna ganin wannan jerin.

To, ina mafita? Fara da ajiye shaida: rasit, hoton kaya kafin a ɗaure, takardar mota ko ta kamfanin da ya kai saƙo, da hirarku ta WhatsApp. Ka tabbata sunan da ke fitowa a saƙon banki na mai saye shi ne sunan da ya san shagonka da shi, domin mutane da yawa suna kai ƙara ne kawai don ba su gane sunan ba. Ka faɗi gaskiyar kaya da ranar isowarsu. Idan mai saye ya kira da ƙorafi, ɗauki waya. Mayar da kuɗi da hannunka ya fi sauƙi a kan banki ya ƙwace su, domin wannan ba ya shiga lissafin laifinka. Kada ka rubuta lambar katin kowa a littafi ko ka ɗauki hotonsa. Idan za ka sauya irin kayan da kake sayarwa, ko kana sa ran ciniki zai yi tsalle kamar lokacin Sallah, sanar da kamfanin tun da wuri.

In kuwa an riga an saka ka, kamfanin da ya shigar da sunanka shi kaɗai ke da ikon cire shi, kuma sai idan kuskure aka yi, ko laifin na tsaron bayanan kati ne ka gyara. Rubuta musu ka nemi dalilin, ka haɗa da hujjojinka. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi zai goge maka suna ta bayan fage, riƙe kuɗinka.