LISSAFIN DA AKA YI WA SAURO A GARKI

Da zarar damina ta kankama a Aujara da ƙauyukan da ke kewaye da ita, sai kududdufai su cika. Gero ya yi kore, dawa ta tashi. A daidai wannan lokaci ne kuma sauro ke yawaita. Yara su dinga kwanciya da zazzaɓi, ɗakin shan magani ya cika da iyaye mata. Wannan shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda likitoci ke kira maleriya.

Mutane da yawa ba su san cewa ana yaƙar wannan ciwo da alƙalami da takarda ba. Akwai masana da aikinsu shi ne lissafin yadda cuta ke yaɗuwa. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi a duniya a kan haka, a ƙasar Jigawa aka yi shi, a gundumar Garki.

Yadda ciwon ke yawo

Ƙwayar cutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Macen sauro ce ke ɗaukarta. Idan ta ciji mai ciwon, sai ta zuƙo ƙwayar tare da jini. Ƙwayar tana yin kwana 10 zuwa 12 tana girma a cikin sauron. Bayan haka, duk wanda sauron ya ciza zai iya kamuwa.

Wani likita Bature mai suna Ronald Ross ne ya gano ƙwayar a cikin cikin sauro. Ya gano ta a ƙasar Indiya a 1897. Daga baya ya koma ga lissafi. Tambayarsa ita ce: dole ne sai an kashe sauro duka kafin ciwon ya ƙare? Lissafinsa ya ce a'a.

Ga yadda abin yake. A ce kowane mara lafiya yana jawo wa mutum biyu ciwon ta hanyar sauro. Ɗaya ya zama 2, sai 4, sai 8, sai 16. Idan aka ninka haka sau goma, an kai 1,024. To, a ce kuma marasa lafiya biyu ne ke jawo wa mutum ɗaya kacal. Mutum 100 za su koma 50, sai 25, sai wajen 12. Ciwon zai yi ta raguwa har ya mutu da kansa. Ke nan akwai iyaka. Idan aka rage sauro ya faɗo ƙasa da wannan iyaka, ciwon ba zai iya tsayawa a gari ba.

Kwanakin sauro

Bayan 1950 wani masani ɗan Ingila, George Macdonald, ya ƙara a kan aikin Ross. Shi ya dubi tsawon ran sauro. Tunda ƙwayar na buƙatar kwana goma ko fiye kafin ta nuna, sauron da ya mutu da wuri ba zai sa wa kowa ciwo ba.

Mai karatu zai iya gwada wannan lissafi a littafinsa. A ce sauro 100 sun sha jinin mara lafiya yau. A ce kullum ɗaya cikin kowane goma yana mutuwa. Gobe saura 90. Jibi saura 81. Gata saura wajen 73. Idan aka bi haka har kwana goma, wajen 35 ne za su rage.

Yanzu a ce an yi feshi a bangon ɗaki, kullum biyu cikin kowane goma na mutuwa. Gobe saura 80. Jibi saura 64. A kwana na goma, wajen 11 ne kawai za su rage. Ƙarin mutuwar sauro ɗaya cikin goma a kullum ya mai da 35 ya koma 11.

Irin wannan lissafi ya ƙarfafa wa Hukumar Lafiya ta Duniya gwiwa. A 1955 ta fara shirin kawar da ciwon daga duniya ta hanyar feshi. An ci nasara a wasu ƙasashe. Amma ba a san ko hakan zai yiwu a ƙasa irin tamu ba, inda sauro ya fi yawa. Don a samu amsa, aka zo Garki.

Aikin Garki

An yi aikin daga 1969 zuwa 1976. A lokacin Garki tana cikin Jihar Kano, domin sai a 1991 aka kafa Jihar Jigawa. Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka haɗa hannu.

Da farko ba a ba da magani na musamman ba, ba a kuma yi feshi ba. An shafe shekara ɗaya da rabi ana ƙidaya. An zaɓi ƙauyuka 22, irin su Sugungum da Rafin Marke da Matsari. Duk bayan mako 10, ma'aikata su bi gida-gida. Su ɗan huda yatsa, su ɗiga jini a kan gilashi, su duba da madubi. Ana rubuta haihuwa da mutuwa, da wanda ya yi tafiya, da wanda ya dawo.

Sauro ma an ƙidaya shi. Wasu ma'aikata kan kwana a zaune suna kama sauron da ya sauka a jikin mutum. Da safe kuma a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a fesa magani, a tsince sauron da ya zubo. Abin da aka gani ya ba da tsoro. A tsakiyar damina, a inda abin ya fi tsanani, cizon da mutum ɗaya ke samu ya kai 174 a dare guda. Cizon da ke ɗauke da ƙwayar cuta kuwa ya kai 145 a shekara, kuma 132 daga ciki a damina ne.

A 1972 da 1973 aka yi feshi a ɗakunan ƙauyuka 164 da wani magani mai suna propoxur. A ƙauyuka 60 daga ciki, an ƙara da raba wa jama'a ƙwayar magani, masu ciwo da marasa ciwo.

Lissafi taki-taki

Masana uku ne suka tsara lissafin Garki: Klaus Dietz, da Louis Molineaux, da Anthony Thomas. Sun fitar da shi a 1974. Sun kasa mutanen gari gida bakwai. Akwai waɗanda jininsu ba ƙwaya. Akwai waɗanda ƙwayar ta shiga amma ba ta bayyana ba tukuna. Akwai masu iya ba sauro cutar. Akwai kuma manya da jikinsu ya saba, ya yi garkuwa.

Irin wannan lissafi ba a warware shi a zama ɗaya. Taki-taki ake binsa, kamar yadda magidanci ke lissafin rumbunsa. Ya san tiyar da ke ciki yau. Ya san wadda ake ɗiba kullum. Da haka zai san watan da hatsin zai ƙare. Su ma masanan haka suka yi. Duk kwana biyar, a lissafa mutum nawa suka bar wannan gida suka koma wancan. Amsar da aka samu ita ce mafarin lissafin kwana biyar na gaba. Kwamfuta ce ke maimaita wannan aiki har a cika shekaru.

Daga nan aka gwada amsar kwamfuta da abin da madubi ya nuna a jinin mutanen Garki. Sun yi kusa da juna, a yara da manya, rani da damina. Daga baya an sake gwada lissafin a yankin Kisumu na ƙasar Kenya.

Abin da aka gano

Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa ciwon da kusan kashi 90 cikin 100. Amma yawan masu ƙwayar a jini da kusan kashi 25 cikin 100 kawai ya ragu. Me ya jawo haka?

Dalili na farko shi ne yawan cizon. Wanda sauro mai cuta ke cizo sau 100 a shekara, idan aka rage kashi 90, saura sau 10. Alhali cizo ɗaya ya isa ya kwantar da yaro. Kamar ɗaki ne mai yoyo a wuri ɗari. Ko an toshe casa'in, tabarma za ta jiƙe.

Dalili na biyu, ba kowane sauro ke hutawa a bangon ɗaki ba. Wasu da sun sha jini sai su fice waje. Irin waɗannan feshi ba ya taɓa su, su ne ke ci gaba da yaɗa ciwon.

A ƙauyukan da aka haɗa feshi da shan magani, masu ƙwayar sun ragu sosai, mutuwar jarirai ma ta ragu. Duk da haka ciwon bai yanke ba. Da aka daina aikin, sai ya dawo yadda yake. An tattara wannan duka a littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1980. Har bayan shekara 30, masana a ƙasar Suwizalan sun koma ga ƙidayar Garki don gina sabon lissafi.

Amfaninsa ga mutanen Aujara

Nijeriya ce ke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo a duk duniya. Ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Aikin Garki ya nuna cewa dabara ɗaya ba ta isa ba, kuma aikin da aka fara aka bari, ciwon kan dawo.

Don haka ake haɗa dabaru. Akwai gidan sauro mai magani. Yana kare mai barci, yana kuma kashe sauron da ya sauka a kansa tun kwana goman nan ba su cika ba. Ke nan mai kwana a gidan sauro yana kare maƙwabcinsa ma.

Akwai kuma maganin damina na yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Jigawa na cikin jihohin da ake raba shi. Ana ba da shi wata-wata a damina, domin a lokacin ne cizon ya fi yawa. Ma'aikata kan ba yaro na ranar farko. Na rana ta biyu da ta uku yana hannun uwa. A watan Disamba na 2024 kuma an fara allurar rigakafin ciwon a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Saboda haka, a rataya gidan sauro kowane dare. A cike ramukan da ruwa ke kwanciya kusa da gida. Idan masu rabon magani sun zo, a fito da yara, a kuma cika kwana ukun. Yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi asibiti a ranar, a gwada jininsa.