Abin Da Ke Hana Tuji Jin Maganin Feshi A Biranen Kudu

Duk wanda ya zaga unguwannin Hausawa na Fatakwal ko Anaca ko Inugu da damina zai ga tuji ya yi kane-kane a bakin kwata da gefen turakun shanu. Akan yi masa feshi, wani lokaci ya ƙi mutuwa, sai a ce maganin jabu ne. Ba kullum ne laifin yake ga mai shago ba.

Tuji yana da tarihin taurin kai. A shekarar 1997 aka same shi a gonakin Malesiya ya daina jin gilaifoset, wato sinadarin da ke cikin Roundup. Idan aka dinga fesa magani iri ɗaya, 'yan tsirarun da suka tsira su ne za su zubar da iri, 'ya'yansu kuma su gaji juriyar.

To, amma a biranen nan akwai wani dalili, shi ne iskar da ake shaƙa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Anaca kan gaba a duniya wajen ƙazantar iska da ƙura, a ƙarshen shekarar kuma baƙin kunkunniya ya fara sauka a Fatakwal. Dattin nan yakan rufe ganye, ya tare hasken rana, ya toshe ƙofofin numfashinsa. Tsiron da ya galabaita ba ya shan magani sosai, ƙurar ƙasa kuwa kama gilaifoset take yi ta kashe masa ƙarfi. Shi ya sa malaman gona ke cewa a yi feshi bayan ruwan sama ya wanke ganye ya bushe, da ruwa garau, ba na kududdufi ba.