Furotin: Yadda sauyi guda a sarƙa ke haddasa amosanin jini

Idan aka ambaci furotin a Tambuwal ko Kebbe, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne wake da gyaɗa da nono da nama, wato abinci mai gina jiki. Sai dai a wajen masana kimiyya, furotin ya wuce batun abinci: shi ne ke narkar da abin da aka ci, da yaƙar cututtuka, da kuma ɗaukar iskar oksijin a cikin jini.

Yadda aka gina shi

Kowane furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda suke iri 20, a jere kamar 'ya'yan carbi. Ƙwayoyin halittar da mutum ya gada daga iyayensa su ne ke tsara jerin.

Sarƙar takan naɗe ta ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ce ke ba furotin damar yin aikinsa. Idan jerin ya sauya, siffa da aiki na iya sauyawa.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila.

Sauyi guda cikin 146

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai furotin mai suna himogulobin, wanda ke kai oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Yana da sarƙoƙi huɗu: biyu masu amino asid 141, biyu masu 146.

A jikin mai amosanin jini, amino asid na shida ne kaɗai ya sauya a sarƙar mai 146. Wanda ya maye gurbin ba ya jituwa da ruwa, don haka da zarar himogulobin ya sauke oksijin sai ya manne da 'yan uwansa, su zama dogayen zaruruwa masu tauri.

Wannan ke sa ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke jawo matsanancin ciwon ƙashi, musamman lokacin sanyin hunturu ko zazzaɓi. Irin wannan ƙwaya kan mutu cikin kwana 10 zuwa 20, maimakon kimanin 120.

Linus Pauling na Amurka ne ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin, yayin da Vernon Ingram ya gano ainihin sauyin a 1957 a Kambirij ta Ingila.

Abin da ya shafi masu shirin aure

Wanda ya gaji sauyin daga ɓangare ɗaya, wato mai AS, galibi lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ne dalilin yaɗuwar sauyin a Afirka.

Amma idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka haihuwar ɗa mai cutar ba ta kare na bayansa.

A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a Najeriya kowace shekara. A 2024 kuma jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da na jinsin jini.

A 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da maganin Casgevy mai gyara ƙwayoyin halitta, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum guda. Ga iyalai a Tambuwal da Kebbe, inda auren zumunci ba baƙon abu ba ne, gwaji kafin a sa rana ya fi kusa da hannu.