Sanda ɗaya ta itace, ko biyu na alminiyam?

Kalmar jagora ma daga sanda ta samo asali, wato mai jan gorar makaho a gaba. Bafulatani kuwa yakan yini a daji da sandarsa gicciye a kafaɗa. Da ita yake karkata shanu, ya kau da ƙaya, ya gwada zurfin rafi kafin ya sa ƙafa. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa riƙonta. Amma ranar da mutum ya tsaya a ƙofar Machame, a gindin dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, aka miƙo masa siraran sanduna biyu na alminiyam da aka hayo a garin Moshi, zai gane cewa waɗannan sai da darasi.

Dokar gandun dajin Kilimanjaro ta hana kowa hawa sai da jagora mai lasisi, kuma yinin farko, daga tsayin mita 1,800 zuwa wajen 3,000 cikin kurmi mai laka da saiwoyi, shi ne makarantar sabon shiga. Abu na farko shi ne tsawo: a ja sandar ko a tura ta har gwiwar hannu ta yi kusurwa daidai idan tsininta na ƙasa. In za a hau a rage, in za a gangara a ƙara. Sai maɗaurin da ke jikin mariƙi, wanda kusan kowa ke kuskurewa. Ta ƙasa ake zuro hannu a cikinsa, sannan a sauke tafin a kansa, don nauyi ya hau kan wuyan hannu, yatsu su huta. Wanda ya damƙe mariƙi da ƙarfi, kafin azahar hannunsa ya sage. Daga nan sai taku: ƙafar hagu da sandar dama, ƙafar dama da sandar hagu. Muddin kana lissafin abin a ranka, rikicewa za ka yi. Jiki ne ke kamawa da kansa, musamman da yake jagororin can ba sa gajiya da cewa "pole pole", wato sannu-sannu da Swahili.

Duk wannan wahala sandar itace ba ta buƙatarta, kuma tana da abin da na fi so a yawon kallon daji: tana bar maka hannu ɗaya. Da shi za ka ɗaga madubin hangen nesa idan jagora ya nuna birai masu baƙi da fari a saman itatuwa, ko ka taɓa ganye ka shaƙi ƙanshinsa. Ba ta da ƙara. Tsinin ƙarfe kuwa ƙwas-ƙwas yake yi a kan dutse, ya kori tsuntsu tun kafin ka hango shi, ya bar zane a jikin duwatsu da ƙananan ramuka a gefen hanya. Akwai murfin roba da ake sa masa, kuma ina ganin duk mai mutunta dajin da ya zo kallo ya kamata ya sa shi a inda ƙasa ba ta da santsi. Sandar itace ba ta da makullin da zai kwance ta shige cikin kanta lokacin da ka jingina duk nauyinka.

Inda sanduna biyu suke nuna kansu shi ne gangara. Wanda ya taka ƙololuwar Uhuru, mita 5,895, da sassafe, yakan sauko a yinin nan har sansanin Mweka da ke wajen mita 3,100. Saukar kusan mita 2,800 ke nan, wani wuri a kan tsakuwa mai zamewa, da jikin da bai yi barci ba. Kowane taku gwiwa ce ke karɓar duka. Sanduna biyu suna raba aikin da kafaɗu da damatsa, kuma suna raba shi daidai. Sanda ɗaya gefe ɗaya take tallafa, jiki ya riƙa karkata, ƙugu ya biya bashin da yamma. Asalin sandunan biyun ma daga sandunan masu zamiya a kan ƙanƙara ne, kafin kamfanin Leki na Jamus ya fito da masu naɗewa don mahaya dutse a shekarun 1970.

Naɗewar nan ba ƙaramin abu ba ce. A bangon Barranco, inda dole a kama dutse da hannu biyu, jagora zai ce kowa ya naɗe sandunansa ya ɗaure a jaka. Mai doguwar sandar itace a nan sai ta zama masa kaya.

Ni dai, in yawon awa biyu ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa don kallon tsuntsaye, sandar itace zan ɗauka. In akwai doguwar gangara da jaka a baya, ko gwiwa ta fara ƙorafi, biyun zan riƙe, kuma zan nemi jagora ya duba mini yadda na zura hannu a maɗauri tun muna bakin ƙofa.